Gidan da Aka Hana Cewa Shigo

Kawuna Deusdete shekara talatin da ɗaya ya yi yana share kotun garinmu, Córrego Torto. Alƙalai tara suka zo suka tafi a kan idonsa. In ka tambaye shi aikin da ya yi, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Harkar shari'a." Kuma ba ƙarya ba ne. Tsintsiya tana hannu, kunne yana jikin ƙofa. Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida da ciwon gwiwa da kuma doka cike da kai, irin wadda ake tsinta a ƙasa tare da guntun sigari: wata da kai ba wutsiya, wata da wutsiya ba kai. Ko gishiri ne ya yi yawa a wake, sai ya faɗa wa matarsa, Dona Zulmira, sashen da ta taka.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Ni da makaranta mun rabu ba tare da faɗa ba. Ina kwana a ɗakin gefe, ina ɗaukar fasinja a babur in akwai mai. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin titi na tsinto shi ba.

Bayan doka, abin da Kawu yake so a duniya tsuntsu ne. Curió ne, ɗan baƙi mai jan ƙirji, bai cika tafin hannu ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya faɗa tarkon Kawu a bakin rafi, Kawu ya sa masa suna Sanata, wai don ci da surutu kaɗai ne aikinsa. Amma surutun nan, in ya fara shi, mai keke sai ya sauke ƙafa ya saurara. Dona Zulmira takan ce shekara arba'in ba ta taɓa ganin mijinta ya ɗora ruwa a wuta ba, sai ranar Asabar, ranar wankan Sanata.

A garinmu tsofaffi ba sa fita yawo da jikoki, da tsuntsaye suke fita. Da safe kowa ya ɗauko kejinsa, ya taka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, har dandalin da ke gaban gidan burodi. A can kowa yana da ƙusarsa a jikin bishiya. A rataye keji, a yaye mayafi, a zauna a yi shiru. Tsuntsaye su yi ta zagin juna, masu su kuma suna lumshe ido wai waƙa ce.

Wata Talata a watan Agusta motar 'yan sandan daji ta tsaya a dandalin. An kawo musu sabon laftanan daga babban birni, saurayi mai gilashi wanda bai san kowa ba, don haka ba ya jin kunyar kowa. Ya karanta musu cewa duk tsuntsun daji da ba shi da zoben gwamnati a ƙafa, ba na mai keji ba ne. Zoben kuwa tun tsuntsu yana ɗan tsako ake zura shi, a wurin mai kiwo mai rajista. In ƙafa ta girma, shi ke nan. Keji goma sha huɗu suka loda. Wani tsoho, Seu Anacleto, wanda bai yi kuka ranar jana'izar matarsa ba, ya zauna a kan dakali yana share ido da hula.

Kawu ya makara ranar, don ya tsaya gardama da rediyo. Yana shan kwana ya hango motar, ya tuɓe riga ya lulluɓe kejin, ya juya. Gwiwar nan da ba ta hawa matakala uku, ranar ta tuna ƙuruciyarta.

Da yamma ya aike ni sayen fenti. Ya tsaya a kaina ina rubutawa a jikin katanga da manyan baƙaƙe: gida mafaka ce da ba a ketawa. Ba mai shiga sai da yardar mai gida, ko da takardar alƙali da rana, ko don ceton rai, ko in ana cikin aikata laifi.

Na ce, "Kawu, wannan na ƙarshen fa? Shi Sanata ba laifi ba ne da ake cikin aikatawa, safe da yamma?"

"Kai da ka gudu daga aji bakwai za ka koya mini? Sai sun gani da ido. Zato ba ya buɗe ƙofa. Da kunnena na ji alƙali ya faɗa, ina goge taga."

Washegari ya fito da igiya ya fara aune-aune, don ya san inda gida ya ƙare. Katangarmu iya ƙugu ce, ƙofar kuma ta sandunan ƙarfe. Bishiyar mangwaro tana ciki, amma reshen da yake rataye kejin ya leƙa kan titi. Ya yanke hukunci cewa gindin nasa ne, reshen na gwamna, ya zare ƙusar. Ya mai da kejin baranda. Kwana biyu sai ya tuna cewa baranda gida ce, amma mai tsayuwa a titi yana ganinta sarai, kuma ido ba ya buƙatar takarda. Daga baranda Sanata ya koma kicin. Kicin yana da taga. Daga kicin ya koma ɗakin ajiya na baya, wurin buhun masara da tsohuwar keken ɗinki, inda ba taga ko ɗaya.

Saura murya. Wannan ma Kawu ya samo mata magani. Ya sayo faifan kukan curió, irin wanda masu kiwo suke kunna wa 'yan tsaki su koya, ya ɗora lasifika a baranda yana kallon titi. Tun safe har faɗuwar rana. In aka ji kuka daga gidanmu, to faifai ne, ga shi nan kowa yana gani.

Wanda laftanan ya ɗora wa aikin gidanmu shi ne Kofur Valdivino, mutum mai tumbi da sanyin hali. Kawu ne ya riƙe shi a coci ranar baftisma, don haka Padrinho yake ce masa, wato uban baftisma, matar kuma Madrinha, uwar baftisma. Duk bayan kwana biyu sai ya zo bakin ƙofa ya tafa hannu sau uku, kamar kowane mai tarbiyya.

"Padrinho, a sa mini albarka."

"Allah ya yi maka albarka. Daga nan inda kake."

"Akwai rana fa."

"Ta gwamnati ce, kamar titin. Sha abinka."

"Ina jin kukan curió, Padrinho."

"Faifai ne."

"Biyu nake ji. Ɗaya yana gyara wa ɗaya kuskure."

"Faifan mai tsada ne."

"To in leƙa in gaida Madrinha mana."

"Za ta fito. Kawo takarda ka shiga har ƙarƙashin gado."

Takardar ce ba ta samuwa. Alƙalinmu garuruwa uku yake yi wa aiki, Laraba kaɗai muke ganinsa. Da laftanan ya kai masa buƙata, ya tambaya wa ya ga tsuntsun. Aka ce ba a gani ba, an dai ji. Ya ce shi ma har yau yana jin muryar surukarsa a kunne, alhali ta shekara biyar a kabari. Ya ture takardar ya kira shari'ar shanu.

Hanya ɗaya ta rage musu ke nan, yardar mai gida. Kawu ya tara mu a kan teburin cin abinci, ni da Dona Zulmira, ya ɗaga yatsa.

"Daga yau kalmar 'shigo' ta mutu a gidan nan. Ba ga ɗan sanda kaɗai ba, ga kowa. Baki ba ya tantancewa, in ya saba sai ya suɓuce."

Dona Zulmira ta ajiye ludayi. "Deusdete, a gidan ubana ko mai karɓar haraji sai ya zauna ya sha gahawa kafin a zage shi."

"Shi ya sa ubanki ya mutu ba akuya ko ɗaya."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san girman abin da ya nema. Da an tafa hannu a waje, kafin ka san ko waye, bakinka ya riga ya ce a shigo. Dona Zulmira ta koma yawo da tawul a kafaɗa, da ta ji tafi sai ta cusa shi a baki ta fito tana ɗaga hannu. Barin baƙo da ƙishirwa kuwa ba za ta iya ba. Ta sayo ƙananan faranta masu wucewa tsakanin sandunan ƙofa, tana miƙa gahawa da burodin cuku ta nan, kamar mai ziyarar fursuna, sai dai ba a san wanda ke ciki da wanda ke waje ba. Mai kawo gas ya koma ajiye tukunyar a titi. Ƙanwarta ta zo daga ƙauye da kaza a hammata, suka yi hirar awa biyu ta saman katanga, ta koma da kazarta. Fada Honório, limamin cocinmu, ma ya tsaya a rana yana fifita da hula, ya sha gahawarsa a tsaye, ya tafi ya yi wa'azi a kan karɓar baƙi mako uku a jere ba tare da ya kalli kowa ba. Kowa kuma ya kalli Dona Zulmira.

Kofur Valdivino kam ya ƙara ƙiba a bakin ƙofar nan.

Har watan Nuwamba Kawu yana cin nasara, yana yawo a tsakar gida hannu a baya kamar wanda ya gaji kotun. Sai wata safiya aka ɗauke wuta, faifai ya tsaya, gidan ya yi tsit. Muka jira muryar ta biyu. Ba ta zo ba. Ashe Sanata ya kwana biyu da yin shiru, lasifika ce ta rufe mu. Tsuntsun da ya saba da rana da iska da zagin abokan gaba, wata uku yana kallon buhun masara. Gashin ƙirjinsa ya fara zuba. Tsaba sai ya ɓare ya bari. Kawu ya canja iri, ya kawo ɗanyen ganye, ya kunna masa fitila, ya zauna a kan buhu yana yi masa fito da bakinsa mai haƙora shida. Na taɓa leƙawa na same shi ya jingina goshi da kejin. Ranar ban yi masa tsiya ba.

Na ce, "Kawu, ka fito da shi rana ko na rabin awa."

"Rabin awa ta ishi ido."

"In ya mutu fa?"

"Zai mutu a gidansa, bisa doka."

Haka muka shiga Kirsimeti, tuta ta fito. Daga ashirin da biyar ga Disamba har shida ga Janairu masu waƙar Sarakuna Uku, sarakunan da suka kai wa jaririn Kirsimeti gaisuwa, suna bin gida gida da jita da ganga, tuta a gaba, an ɗaure mata ƙyallaye kala-kala. Mai gida ne yake tarbar ta a ƙofa, ya durƙusa, ya karɓa, ya zaga da ita kowane ɗaki don albarka, har wurin kaji da alade. Ni nake kaɗa ganga, don a kowane gida ana ciyar da mu. Sai kuma masu rufe fuska guda biyu da suke gadin tuta, da fuskar fatar akuya da riguna masu walƙiya da sanda. Su ne sojojin Hirudus, sarkin da ya nemi kashe jaririn. Suna tsalle, suna tsokanar yara da muryar da ba tasu ba. Ba a faɗin sunan wanda ke ciki, ko uwarsa ce ta gan shi sai ta yi kamar ba ta gane ba.

A shekarar ɗaya daga cikinsu sabo ne. Rigar ta matse shi a ciki, takalmansa kuma na san su, don wata huɗu ina ganinsu a bakin ƙofarmu. 'Yarsa ce ta yi zazzaɓi mai tsanani lokacin sanyi, ya yi alkawarin in ta tashi zai sa fuskar shekara bakwai. Ta tashi. Na sani, kuma ban faɗa ba. Al'ada ta hana, ni kuma gaskiya ina son in ga yadda za a ƙare.

Tun kafin tuta ta iso unguwarmu Dona Zulmira ta cire tawul daga kafaɗa ta ninke shi.

"Na bar Fada a waje. Na bar ƙanwata da kazarta a waje. Tuta ba zan bari ba. Tun da aka kafa garin nan ba gidan da ya rufe mata ƙofa. In ka rufe, zan bi ta, in bar ka da dokarka ka dafa ta ka ci."

Kawu ma ba ya so ya zama na farko. Amma mutumin shari'a ne, sai ya yi bincike. Ya sa hula ya tafi ofishin 'yan sandan daji, ya tambaya ko ɗansa na baftisma Valdivino yana nan. Aka ce yana hutu har bakwai ga Janairu. Kawu ya dawo yana murmushi. A lissafinsa mai hutu bakin teku yake tafiya.

Ranar Asabar uku ga wata, bayan azahar, rana tana dukan ƙeya, muka iso. Muka rera waƙar neman izini a bakin ƙofa. Kawu ya fito da farar riga, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya har tana ƙara don ta manta buɗuwa, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya sumbaci tuta.

"Ku shigo," in ji shi. "Duka ku shigo."

Dona Zulmira tana bayansa tana maimaitawa kamar mai biyan bashin azumi, a shigo, a shigo, har da karen maƙwabta.

Mawaƙa suka tsaya a falo, gaban ɗan komin dabbobi na Kirsimeti da Dona Zulmira ta shirya da jaririn yumɓu da tumakin auduga. Kawu ya ɗauki tuta ya fara zagaye, masu rufe fuska biyu suna biye da shi, don inda tuta ta sa kai nan suke. Ɗakin barci, ɗakina, kicin. Ya fita ta ƙofar baya ya karkaɗa ƙyallayen a kan kaji, ya shafa wa alade. A hanyar dawowa ya wuce ƙofar ɗakin ajiya da taku biyu. Sai ya tsaya.

Dona Zulmira ta ce a hankali, "Deusdete, wuce."

"Alade ya samu."

"Wuce, na ce."

"Alade ya samu albarka, shi da yake ciwo bai samu ba?"

Ya ciro makulli daga wuyansa ya buɗe. Haske ya faɗa kan kejin. Sanata yana takure a kan sanda, ƙirjinsa duk faci-faci. Kawu ya sauke tutar, ƙyallayen suka zubo a kan kejin ja da kore da rawaya, yana motsa baki. A falo mai jita ya ja wata siririyar waya, mai ƙaramar murya ya ɗauki amshi ya kai shi sama. Tsuntsun ya karkata kai. Ya girgiza jiki. Wataƙila ya ɗauka wani ɗan iska ne ya shigo masa gida yana zaginsa. Ya buɗe baki ya rama.

Mako bakwai rabonsa da kuka. Ya fara da kakkarwa, sannan muryar ta miƙe ta cika gidan. Jita ta tsaya, ni ma na dafe ganga. Mutum ashirin suka matso ƙofar baya suna leƙe. Kawu yana tsaye da tuta a hannu, hawaye yana bin gemunsa, bai ma san da kowa ba.

Baitin ƙarshe a gaban komin ake yin sa, kuma ba a tsayawa gaban jariri da fuskar soja. Masu rufe fuska suka durƙusa suka cire. Na farko Tião ne mai gyaran taya, kowa ya sani. Na biyu ya daɗe yana kwance igiya. Da fatar akuyar ta sauka sai ga Kofur Valdivino, jiƙe da gumi, idonsa ja.

"A sa mini albarka, Padrinho."

Sai da aka zuba abinci Kawu ya kula shi. Kaza da kuɓewa ce da tuwon masara. Su biyu suka zauna a baranda, faranti a cinya, mu kuma muka yi kamar muna cin namu.

"Ka shigo mini gida da yaudara."

"Kai ka ce duka mu shigo. Har bayan layi an ji."

"Sojan Hirudus na gayyata, ba na gwamna ba."

"Ido ɗaya suke amfani da shi, Padrinho. Wallahi na so in rufe, ramin fuskar ne ya yi faɗi."

"An ce mini kana hutu."

"Hutun ke nan."

"To ba ka ga komai ba."

Kofur ya ajiye ƙashin da yake tsotsa. "Alkawari na ɗauka a kan 'yata. Ba zan fara shi da ƙarya ba, da tuta a gabana. Kuma mutum ashirin sun gani, a ciki har da matar da laftanan yake haya a gidanta. In ban rubuta ba, ita za ta rubuta da baki kafin dare. Har shida ga wata ni ba ɗan sanda ba ne. Ranar bakwai zan koma, kuma Laraba ce."

"Madrinha ɗinka ta ciyar da kai wata huɗu."

"Shi ya sa nake faɗa maka ranar."

Da suka tafi na ce wa Kawu in ɗauki kejin a babur in kai ƙauyen mahaifiyata. Ya ce titi ba gida ba ne, motar laftanan kuma kullum tana gada. Na ce to a ɓoye shi a rufin ɗaki, a ce ya tashi. Ya daɗe yana kallon ɗakin ajiyar.

"Ba zai sake shiga duhu ba."

Ya ɗauko guduma ya kafa ƙusa a mangwaro, a reshen da ke ciki, ya rataye kejin a fili inda makaho ma zai gani. Ya zare wayar lasifika. Kwana huɗu Sanata ya sha rana ya zagi duk abin da ya gifta, har jirgin sama. Tun safiyar Lahadi tsofaffin nan masu ƙusa ba keji suka fara zuwa da kujerunsu. Suka jeru a gindin bishiyar, Seu Anacleto a gaba, hula a gwiwa. Dona Zulmira ta fito da manyan faranta.

Ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe mota ta tsaya. Laftanan ya fito da takarda, Kofur yana bayansa yana kallon ƙasa. Kawu ya karɓa ta saman katanga, ya sa gilashi, ya karanta da yatsa. Ya duba suna. Ya duba lambar gida, ya fita ya kalli wadda ke jikin ƙofa, ya dawo. Ya ɗaga hatimin a rana. Ya kalli agogo, ya kalli sama, rana ce ba gardama. Ya juya bayan takardar ko akwai abin da aka manta.

"Shekara talatin da ɗaya," in ji shi, "ban taɓa ganin takarda ta fito daga kotun nan ba kuskure ba, sai tawa."

Bai bari sun taɓa kejin ba. Shi ya sauke shi, ya ɗaura mayafi, ya kai har mota, yana yi wa laftanan bayanin tsaba cokali nawa, da ruwan ɗumi ranar Asabar, da cewa ba ya son a yi tari kusa da shi. Laftanan ya ce za a kai shi cibiyar kula da namun daji, inda akwai masana. Motar ta tashi. Kawu ya koma ya zauna a ƙarƙashin ƙusar. Ranar bai ci wake ba, bai kuma faɗi sashen komai ba.

Cibiyar tana da nisan kilomita ɗari huɗu. Da aka buga musu waya suka ce wuri ya cika tun Agusta, a sake kira bayan damina. Ofishin kuma akwai kyanwa. Kofur ya ɗora kejin a saman kabad, kyanwar ta hau kabad. Ya rataye shi a jikin fanka, aka kwana biyu ana aiki cikin zafi. Sanata ya ƙi tsaba, ya ƙi ruwa, ya juya wa gwamnati baya. Laftanan ya fara tunanin rahoton da zai rubuta in tsuntsun da ya ceto ya mutu a kan teburinsa. Ya buɗe littafinsa, ya samo wurin da aka ce dabbar da aka ƙwace, in ba inda za a kai ta, ana iya ba wani amanarta ya riƙe wa hukuma.

Ya aika wa Seu Anacleto. Seu Anacleto ya ce shi bai san kan tsuntsu ba, bai ma taɓa ganin curió ba. Ya aika wa sauran sha ukun, ɗaya bayan ɗaya. Wannan asma, wancan matarsa ba ta so, wani ya ce shi kifi ya iya. Ranar Asabar da hantsi Kofur ya zo ya tafa hannu, ya ce laftanan yana roƙon Seu Deusdete ya taka zuwa ofis. Ni na kai shi a babur.

Takardar shafi biyu ce. Tsuntsun na gwamnati ne. Kawu mai riƙo ne kawai, shi zai ciyar, shi zai yi magani. Ba zai fitar da shi daga gidan ba. Sai layin ƙarshe: jami'ai suna da ikon shiga gidan su duba shi a kowace rana, ba sai da takardar alƙali ba, kuma mai riƙo ya yarda da haka tun yanzu.

Kawu ya karanta layin nan sau uku. Ya cire gilashi ya goge ya sake karantawa.

"Wato ƙofar tawa kuke so in sa hannu in ba ku."

Laftanan ya ce, "Haka tsarin yake, Seu Deusdete. In ba ka so, sai mu jira cibiyar."

Kawu ya ɗaga kai ya kalli kejin da ke lilo a jikin fanka. "Ya ci wani abu?"

Kofur ya ce, "Tun shekaranjiya bai taɓa ba, Padrinho."

"Ba ni biron."

Ya sa hannu a shafi na farko, ya sa a na biyu, ya nemi kwafi mai hatimi, ya sa aka gyara kwanan wata. Kofur ya hau kujera ya sauko da kejin, yana tambaya a hankali ko ƙarfe nawa Madrinha take sauke abinci, don ya san lokacin da ya fi dacewa da duba tsuntsu.

Kawu ya ƙi hawa babur ɗina. Ya ce tun da su suka ɗauko, su za su mayar. Ya shiga gaban motar 'yan sandan daji ya ɗora kejin a cinya, ya ɗage gefen mayafin don iska ta shiga. Ina biye da su a baya. Wajen gidan burodi direba ya faɗa wani rami, na ji muryar Kawu ta taga.

"Yaro, a hankali. Kayan gwamnati ka ɗauko."